Numfashin Yarima a Carbin Auta

Asabar

Zuwa ga ɗiyata Rabin Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga goggonki. Daina murguɗa baki, ina ganinki daga nan. Inna ƙanwar kakanki ce, ni kuwa autarta, don haka ko kin girme ni da shekara tara, lissafin dangi ya ce ni goggo ce. Ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Inna lafiya, sai gwiwa. Yarima lafiya ƙalau, ya ƙara kumatu, jiya ya tambaye ni ko kaji suna da kunne. Ya jaririya? Ya babansu can wajen aikin hanya, yana leƙo ku kuwa?

Sati uku ke nan ba ki aiko ko layi ɗaya ba. Direba tun kafin in buɗe baki yake girgiza mini kai. Na san fushi ne. To, na yi laifi. Na rubuta miki cewa Yarima yana kwance ba ya ci ba ya sha, kika baro asibiti da jaririya a baya, kika tarar da shi a tsakar gida yana bin ɗan akuya da muciya. Amma ki tambayi dalili mana. Yaron nan kwana huɗu yana zaman bakin ƙofa duk lokacin da mota ta kusa isowa. Na ce bari in kawo masa uwarsa, tunda gaskiya ba ta taso ki ba. Kuma da kin ga yadda kika faɗo gidan, mayafi yana jan ƙasa, da ke ma kin dara.

Tunda ba kya son hira, ga rahoto irin naku na asibiti, yadda na ji kina gwaji gaban madubi ran nan:

Marar lafiya: zakaran Inna. Shekara biyu. Abin da ya kawo shi: cara ba kan lokaci ba. Zafin jiki: ya ƙi tsayawa a taɓa. Numfashi: na sa agogon bango a gaba, ina ja da carbina, sai ya cake ni. Shawarar likita: tukunya.

Matan layinmu duk inda aka taru sai sun ce in yi musu ke. Har abin da kika karanta wa Inna daga katin Yarima ina yi, da muryarki ta hanci, da doguwar kalmar nan ta allurar da ba a yi masa. Sau biyu kawai na ji. Wadda ta haddace izu arba'in ai kati ba zai gagare ta ba.

Ki ba da amsa. Har yanzu ba su gyara ƙarfen sabis ɗin da iska ta kayar ba, in ba takarda ba babu yadda za mu ji ku.

Goggonki,
Auta

Litinin

Auta,

Na samu takardarki. Muna lafiya, jaririya tana haƙori. Babansu sai ƙarshen wata. Ki gaishe da Inna, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ki shafa mini kan Yarima.

Ban yi dariya ba. Bari in gaya miki abin da wasanki ya ci.

Sati takwas ake yi a ɗakin yara. Kowane ɗalibi yana da littafi, kullum sai babban likita ya sa hannu cewa ya gan shi. Kwana uku kawai aka yarda mutum ya rasa, ko mutuwa aka yi masa. Wanda ya wuce uku sai ya sake daga farko, 'yan ajinsa su wuce su bar shi. Kin san bara haihuwa ta riga ta mayar da ni baya. Da na dawo daga wurinku, babban likita bai yi faɗa ba, shi ba ya ɗaga murya. Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a kan gurbi biyu, ya ce saura ɗaya. Shi ke nan. Gara a ce ya zage ni.

Kina ganin kamar na ajiye muku ɗa na tafi hutu. Ina tashi kafin kiran salla, in wanke kayan jaririya, in tatsa mata nono kwalba biyu, in kai ta wurin maƙwabciya tana kuka tana riƙe mini mayafi. Ƙarfe bakwai ina bakin gado. Zagayen likitoci awa huɗu ne a tsaye, gado talatin da shida. Shekaranjiya ina cikin bayani gaban mutum goma sha biyu, wani jariri ya tsala kuka a gadon kusa, sai nono ya zubo mini, ya jiƙa farar rigar har aljihu. Na rungume fayil a ƙirji na ƙarasa. Amma kowa ya gani.

A haka takardarki take iske ni, da ajaminki mai kama da jerin tururuwa, sai na zauna na nutsu kafin in fitar da layi ɗaya.

Ga magana biyu. Kada a yi wa Yarima allura, kada a ba shi wani magani in ban da na zazzaɓin da na bari. Kin ga yadda ya kumbura wancan karon. Katin yana wurina. Na biyu, kada ki sake yi mini wasa da jikin ɗana. Wallahi in kika sake, ba zan taso ba.

Yayarki

Lahadi da yamma

Yaya,

Gaisuwa. Sati biyu ban dame ki ba, kin gani. Inna lafiya. Yarima ba lafiya.

Na san abin da za ki ce. Na yi ta tunanin yadda zan rubuta ki yarda, sai na ga in na yi da yarenku na asibiti za ki gane da gaske nake.

Marar lafiya: Yarima. Shekara uku da wata biyu. Abin da ya kawo shi: tari da zazzaɓi tun Alhamis. Maganin da kika bari yana sauke zafin, kafin la'asar ya dawo. Abinci: loma biyu jiya, yau ruwa kawai. Numfashi: agogon bango a gaba, carbina mai ƙwaya talatin da uku a hannu. Kafin siririn hannun agogo ya zagaya sau ɗaya, na zagaye carbin na ƙara goma sha takwas. Na sake sau uku, haka ne.

Ga wani abu da ban san sunansa ba. Na ɗaga rigarsa zan shafa masa ruwa, sai na ga in ya ja numfashi, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, kamar an danna ƙullu da yatsa, maimakon ya taso. Na ce ko haka yara suke ban taɓa lura ba. Na je na ɗaga rigar ɗan maƙwabta, nasa ba ya yi.

Na kai shi ƙaramin asibitinmu a ɓoye. Ma'aikacin ya saurari bayansa, ya ce ƙirji ne, ya ɗauko allura. Na faɗa masa doguwar kalmar. Ya mayar da ita cikin kwali, ya ce ba shi da wata, a kai shi babban asibiti.

Inna ta ƙi. Ta ce murar damina ce, kuma ɗan amana ba ya hawa motar awa biyar sai da bakin uwarsa. Ta ce ta san ni, wani ƙullin nake don in sake taso ki. Na rantse mata, ta ce wancan karon ma na rantse. Gaskiyarta.

Ban ce ki zo ba. Ki riƙe kwananki ɗaya. Layi ɗaya nake so wanda zan karanta wa Inna: a kawo shi. Ki haɗo da katin.

Auta

Talata da asuba

Auta,

Lafiya muke. Na ga rahotonki. Ran nan zakara, yau ɗana. Na karanta har inda kika ɗauko carbi, na ninke. Na san ƙarshen, tukunya ce.

Ki ji tsoron Allah. Jiya yara biyu suka rasu a gabana, na dawo gida na tarar da wannan. Saura kwana tara in gama. Ki bari in gama, in zo ki yi mini duk tsiyar da kike so. Kada ki tayar wa Inna hankali, kuma kada ki ɗaga yaron nan ki kai shi ko'ina. Kin ji na gaya miki.

Laraba bayan la'asar, a ɗakinki

Auta,

Ban san don me nake rubutu ba, tunda ni da takardar mota ɗaya za mu hau gobe. Amma in ban riƙe alƙalami ba, fita zan yi in kama hanya da ƙafa.

Jiya, bayan na ba direba waccan takardar, muna zagaye muka zo gado na goma sha tara, wata yarinya da aka kawo da safe. Babban likita ya ɗaga rigarta ya ce wa ya ga wani abu. Na ce ƙasan ƙirjinta yana shiga ciki in ta ja numfashi, alamar ciwon huhu ya yi tsanani. Ya ce madalla. Karon farko ke nan da ya taɓa yaba mini. Na sa hannu a aljihu zan ciro biro, sai na taɓo takardarki. Ban san abin da ya sa na koma bayan ƙofa na buɗe ta ba. Na karanta daga inda na ninke.

Auta, ban taɓa koya miki wannan ba. Ba ki taɓa ji daga bakina ba, don ni kaina a ɗakin nan na iya ganinsa. Kina iya kwaikwayon duk abin da kika ji, amma ba za ki ƙirƙiro abin da ba ki taɓa gani ba.

Na je tasha, motarku ta tafi tun safe, kuma tunda ruwa ya ci hanya ba mai shiga sai motoci biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Na lissafa: in na aiko layin da kika roƙa, sai Alhamis za ku iso. In na zo da kaina, yau Laraba zai samu magani. Wani likita ya rubuta mini wanda jikinsa yake karɓa, na saya. Ban nemi izini ba. Yau da safe na goya jaririya na hau mota, kati a hannu. A gada muka haɗu da ɗaya motar, direbobi suka yi wa juna hon kamar kullum. Ni kaina yana ƙasa, ina ba jaririya nono.

Na shigo gidan nan ina kiran sunansa. Inna ta fito da sanda, ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Ke da kika ce a kai miki shi?"

Na ce yaushe. Ta ce jiya mana, Auta ta karanta mata takardata tun daga sallama har ƙarshe: wai in Allah ya kai mu safe a sa Auta ta taho da shi, wai Inna ta yi haƙuri da ɗawainiya, wai ta ci gaba da ɗora ƙafa a kan matashi. Ta ce har ta ji kamar ni ce a ɗakin. Na sami takardar gaskiyar a ƙarƙashin keken ɗinkinki, an ninke ta ƙanana kamar laya. Ban gaya wa Inna abin da ke ciki ba. Ta dai kalli fuskata, ta zauna a bakin gado, ba ta sake cewa mura ba.

Yanzu kuna can, ni ina nan. Ga maganin a jakata, ga katin a cinyata. Abin da ke cin raina shi ne na san allurar da za su fara ɗaukowa in an kawo yaro a haka. Na sani, don ni nake miƙa ta kullum. Kuma na san yadda ake yi wa wanda ya zo ba kati. Ba wanda zai tsaya sauraren yarinya mai carbi.

Takalmansa suna bakin ƙofa. Ko su ba ki tsaya ɗauka ba. Yaya yake da kuka fita?

Alhamis da asuba

Ɗiyata,

Fara daga nan: yana numfashi. Kada ki ninke.

Zan ba direba wannan, ya ce in motocin sun haɗu a gada zai miƙa miki ta taga. Ƙawarki mai tabarau ce ta gaya mini kin tafi can. Ashe a gada muka wuce juna. Ban ɗaga kai ba, ƙirga nake. Zagaye ɗaya da ashirin da biyar. Ya daina kuka tun kafin gada, wannan ya fi kukan tsorata ni.

Na yi wa Inna ƙarya, kin riga kin sani. Duk ƙaryar da na taɓa yi ina danne dariya nake yi. Wannan kuwa babu dariyar da zan danne.

Da muka isa, ban san ƙofa ba, na bi wata mai farar riga har ɗakin yara. Nas ta kalle shi sau ɗaya ta karɓe shi daga bayana. Kafin in gyara zane sun sa masa robar iska a hanci, sun huda bayan hannunsa. Wata ta fasa ƙaramar kwalba tana zuƙa. Na ce akwai allurar da ba a yi masa. Ta ce ina kati. Na ce yana wurin uwarsa. Ta ce ke wace ce? Na ce goggon uwarsa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce kowa ya zo daga ƙauye haka yake cewa don tsoron allura, in matsa. Na faɗi doguwar kalmar, ta fito a karkace. Ta ce in matsa. Sai na kife tafin hannuna a kan hannunsa na ƙi ɗagawa.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo, ɗalibai suna bin sa kamar 'yan kaji. Bai ɗaga murya ba, nan na gane shi. Ya ce mene ne.

Yaya, ki yafe mini. Na rufe ido kamar ina gaban malam, na biya ki. Tun daga sunansa, da ranar haihuwa, da ranar da aka yi masa allurar, da minti nawa fuskarsa ta ɗauka kafin ta kumbura, da abin da aka ba shi ya sauka, har lambar katin. Haddar ta ƙi fita sai da muryarki ta hanci. 'Yan ajinku suka gane ki tun layin farko, wani ya tuntsire, mai tabarau ta ce ai ɗan wance ne. Kafin in kai ƙarshe ba mai dariya. Dattijon ya ce wa nas ta ajiye waccan, ya faɗi wata.

Ya tambaye ni numfashi. Na ce hamsin da takwas. Ya ce da me kika ƙirga? Na nuna masa carbi. Ya kalli agogon hannunsa ya ƙirga da kansa.

Ya ce, "Hamsin da bakwai. Wane aji kike?"

Na ce ajin allo.

Sai ya tambayi inda kike. Wallahi ƙarya uku suka zo mini baki a lokaci ɗaya, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Na haɗiye su. Na gaya masa kin tafi neman ɗanki, kuma kwana biyun farko ma ni na ci miki su, na faɗi yadda aka yi. Ya saurara har ƙarshe. Ya wuce gado na gaba. Ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Jaririya fa? Ki ci wani abu a hanya, don ita.

Yanzu na ƙirga: zagaye ɗaya da tara. Lotsawar ta ragu, tana nan amma sai ka zuba ido. Ya sha ruwa rabin kofi. Ya buɗe ido ya tambaye ni ko nas-nas suna da kunne a ƙarƙashin hula.

Kin ce kada in ɗaga shi, na ɗaga. In kin iso ki mare ni, amma bayan kin gan shi. Gado na huɗu, hannun dama, kusa da taga.

Auta

Juma'a, bayan sati biyu

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa da ban girma. Kada ki nuna wa matan layinku wannan layin, na san sai kin nuna.

Ya Inna da gwiwa? Ki ce mata ta daina aiko da ban haƙuri, ba ita ta ninke takarda ba. Jaririya haƙori biyu sun fito. Babansu ya zo ya kwana uku, ya ce in gaishe ki, ya kasa faɗin sauran.

Kin tafi ba ki ji hukuncin ba. Na kai wa babban likita littafina. Ya ɗora yatsa a kan gurbi huɗu, ya ce ya ji duk abin da goggona ta faɗa, kuma da shi ne da ya hau motar nan, amma huɗu huɗu ne. Zan sake sati takwas daga farko. 'Yan ajinmu sun wuce zuwa ɗakin tiyata ranar Litinin. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na karɓi sabon littafi. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Biyu naki ne, biyu nawa, kada mu sake lissafin.

Sababbin ɗalibai sun zo. Jiya wani ya kasa faɗin numfashin yaron da aka ba shi, ya ce wayarsa ce ta mutu. Babban likita ya ce ya je ya sayi carbi. Ba su gane ba, ni kaɗai na sunkuyar da kai.

Maƙwabciya ba za ta iya da yara biyu ba. In Yarima ya ƙara ƙarfi, ƙarshen wata, zan dawo muku da shi, in za ki karɓa. Wannan karon katin yana cikin jakarsa. Ki riƙa rubuto mini, har da zakaran. Zan karanta har ƙasa.

Kin manta carbinki a ƙarfen gado na huɗu. Yau da yamma Yarima yana barci a tabarma, na ɗaga rigarsa, na ajiye agogo a gabana. Hannun agogo ya zagaya ya dawo, saura ƙwaya shida ban ja ba. Na sake sau uku, kamar yadda kika yi.

Carbin kam ba zan mayar ba. Ki nemi wani.

Ɗiyarki,
Rabin Likita